Tashen balaga ne ko ciwo? Abin da ba ma tambaya idan mun kira gida Matamaye

Wani abokina da ke aikin gini a Tamanraset ya kira ni wata rana cikin dare, ransa a ɓace. Ƙanensa ɗan shekara 16 da ya baro a Matamaye ya daina zuwa lakwal, ya daina fita fada, a ɗaki yake wuni yake kwana. Ya aika masa kuɗin sabuwar salula, yaron ko "na gode" bai ce ba. "Iskanci ne kawai da tashen balaga," in ji shi. "Bari in zo da sallah, zan gyara masa zama." Na tambaye shi tun yaushe abin ya fara. Ya yi shiru, ya ce sai ya tambayi Inna. Da ya sake kira, amsar ita ce tun kafin a yanke gero. A lokacin kuwa muna tsakiyar hunturu. Wata uku ke nan da ɗoriya, kuma duk gidan babu wanda ya ƙirga.

Ba na ganin laifin abokina, don abin da aka koya mana ke nan. Kalmomi biyu muke da su ga yaron da ya canza: in ya yi tsiwa mu ce tashen balaga, in ya yi shiru mu ce ya natsu. Na farko a yi masa faɗa ko bulala, na biyu a sa masa albarka. Ra'ayina shi ne a tsakanin kalmomin nan biyu muke rasa yaran da ba su da lafiya, kuma bambance su da sauran bai kai wuyar da muke zato ba.

Tashen balaga gaskiya ne. Jikin yaro yana canzawa, ɓangaren ƙwaƙwalwa mai auna abu kafin a aikata ba ya gama nuna sai an haura shekara 20, barcinsa ma yana komawa can cikin dare, shi ya sa tashinsa da asuba ke zama yaƙi. Zai zumɓura baki in an aike shi, zai yi ƙunƙuni, yarinya za ta shige ɗaki don an hana ta zuwa biki. Amma wannan hadari ne mai haɗuwa ya watse. Yana da dalili, kuma yana da wuri. Yaron da ya haɗe rai a gaban babansa da la'asar, ka je fada bayan isha'i za ka same shi yana zuba shayi yana gardamar Barcelona da Real Madrid har muryarsa ta dushe. Wannan ƙalau yake. Da ku yake fushi, ba da duniya ba.

Ciwon damuwa, wanda likitoci ke magana a kai, wani abu ne dabam. Ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ke amfani da shi shi ne ƙuncin zuciya ko rasa sha'awar abubuwa ya riƙe mutum mafi yawan wuni, kusan kullum, har aƙalla mako biyu, kuma ya taɓa harkokinsa. Yakan zo da rikicewar barci, ko ƙin abinci, ko gajiya mara dalili, ko kasa tsayar da hankali a kan karatu, ko mutum ya riƙa jin ba shi da amfani. A wurin samari da 'yan mata sau da yawa ba ya fitowa da kuka, da saurin fushi yake fitowa, kuma nan ne yake sajewa da tashen balaga. Hukumar ta ƙiyasta cewa ɗaya cikin bakwai na masu shekara 10 zuwa 19 a duniya yana fama da wata matsalar lafiyar ƙwaƙwalwa, ciwon damuwa kuma yana cikin na gaba-gaba. A ƙasa irin Nijar, inda kusan rabin jama'a ba su kai shekara 15 ba, wannan ba ƙaramin lissafi ba ne.

Don haka ni ba na tambayar yadda fushin yaro ya kai. Ina tambayar ko fushin yana binsa ko'ina. Yaron da ya bar fadarsa, ya bar ƙwallo, abokansa suka zo ƙofar gida ya ce a ce ba ya nan, aka kawo masa abin da ya daɗe yana roƙo ya ajiye shi gefe, wannan ba gardama yake yi da kowa ba. Wani abu ne ya mutu a cikinsa. Salular da ƙanen abokina bai yi murna da ita ba, wadda yayansa ya ɗauka rashin godiya ce, ita ce babbar alamar.

Na fi jin tsoron lamarin 'yan mata. An raine su a kan kunya da kawaici, saboda haka yarinyar da ta daina magana, ta daina dariya, ta rage cin abinci, sai a ce ta girma, hankali ya zo. Alƙaluman UNICEF sun nuna kashi 76 cikin ɗari na 'yan matan Nijar ana aurar da su kafin shekara 18. Kukan amarya al'ada ne, kowa ya sani. Amma amaryar da ta yi wata huɗu a ɗakinta tana ramewa, ba ta kwalliya, ba ta barci, wannan ya wuce kewar gida. Kuma da wuya ta ce "ina cikin damuwa". Za ta ce kanta na ciwo, ko cikinta, ko zuciyarta na bugawa. Sai a sayo mata ƙwaya wurin masu tallar magani a kasuwa, ciwon kan ya lafa kwana biyu ya dawo. Samari kuma wasunsu da kansu suke neman magani, su faɗa wa tramol, daga nan sunansu ya koma 'yan ƙwaya, tambayar abin da ya kai su ta ɓace.

Me ya sa nake maganar Matamaye musamman? Saboda gundumar Kance gari ne na tafiya. Maza na ci-rani Najeriya da Libiya, mata da yara kuma sun yi shekaru suna bin hanyar Agadas da Arlit zuwa Aljeriya. A watan Oktoban 2013 aka tsinci gawawwaki 92 a hamada kusa da iyakar Aljeriya, 52 daga ciki yara ne, kuma akasarinsu 'yan yankinmu ne. Daga Disamban 2014 aka fara dawo da mutane cikin ayarin motoci bisa yarjejeniyar Nijar da Aljeriya. Yaran da aka ja hannunsu a waɗannan tafiye-tafiye, suka yi bara a titunan ƙasar da ba su jin harshenta, aka loda su a mota aka dawo da su, su ne samari da 'yan matanmu na yau. Wasu kuma ba su je ko'ina ba, amma sun tashi hannun kaka, uwa da uba murya ce kawai a waya. Ba na cewa duk wanda ya bi ta nan zai kamu da ciwo. Yawancinsu suna nan suna noman rake, suna kabu-kabu, suna rayuwarsu. Amma rabuwa da iyaye, da rasuwa, da tashin hankali tun ƙuruciya suna cikin abubuwan da aka tabbatar suna ƙara haɗarin ciwon. Ga shi kuma mutumin da ya fi sanin yadda yaron yake a da, wanda zai iya cewa "wannan ba shi ba ne", yana nesa da kilomita dubu.

Na san abin da wasu za su ce: ciwon Turawa ne, mai neman abin da zai ci ba ya da lokacin damuwa, ko kuma rashin tawakkali ne. To, Abu Zaid al-Balkhi malamin Musulunci ne da ya rasu a shekarar 934, kuma a littafinsa Masalihul Abdan wal Anfus ya raba baƙin ciki gida biyu: wanda aka san dalilinsa, kamar rashi ko asara, da wanda ke sauka wa mutum ba tare da dalili ba, wanda ya danganta da jiki, ya ce yana buƙatar magani. Fiye da shekara dubu ke nan. Addu'a da ruƙiya ba su hana zuwa likita a kan zazzaɓin cizon sauro ba, ban ga dalilin da za su hana a nan ba. Abin da nake ƙi shi ne a yi wata shida ana neman wanda ya yi wa yaro sammu, ana zargin kishiya, alhali ba a taɓa zaunar da shi an tambaye shi ba.

A ɗaya gefen kuma, ku matasan birni da ke rubuta "difireshon" a Facebook da TikTok duk ranar da budurwa ta ƙi ɗaga waya, kuna rage wa kalmar nauyi. Ɓacin ran kwana biyu ɓacin rai ne. In kowa ya ce yana da ciwon, iyaye za su daina jin wanda yake da shi da gaske.

Mai nesa da gida yana da abin yi, kuma ba kuɗi ba ne. In ka kira, bayan "kuɗin sun shigo?" ka tambayi Inna ko yaron yana fita, ko yana cin tuwonsa, ko yana barci, da kuma tun yaushe. Ka nemi lambar abokinsa na fada ko malaminsa, su suka fi ganin canji. Ka yi magana da shi shi kaɗai, ba a lasifika gaban mutanen gida ba, kuma ka jure shirun ba tare da wa'azi ba. In abin ya haura mako biyu a kai shi likita, ko don a duba jini, tunda ƙarancin jini da wasu cututtukan jiki ma suna kawo kasala irin wannan. Ƙwararrun likitocin ƙwaƙwalwa a Nijar 'yan kaɗan ne, akasarinsu kuma a Yamai, amma tun 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da shirin mhGAP don ma'aikatan jinya na ƙananan asibitoci su iya gane ciwon su fara taimako. Haƙƙinmu ne mu nemi irin wannan horo ga majo-majo na CSI da asibitin gunduma, wanda ya fi ƙarfinsu su tura shi Damagaram. A wurin masu ƙananan shekaru ba da ƙwaya ake farawa ba, da zama da saurare ake farawa, da mayar da yaro cikin harkokinsa sannu a hankali.

Wuri ɗaya ne ba a jiran mako biyu. In yaro ya fara cewa gara ya mutu, ko shi kaya ne a kan mutane, ko ya fara rabar da abubuwansa, a ranar za a tashi. A tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa. Tambayar ba ta dasa tunanin, bincike ya nuna haka. Kada a bar shi shi kaɗai, a kawar da maganin ƙwari na gona da sauran magunguna daga inda zai kai hannu, a tafi asibiti.

Abokina bai jira sallah ba. Ya roƙi kawunsu ya kai yaron likita, kuma ya riƙa tafiya da shi garka da safe, ko da zama kawai zai yi a gindin mangwaro. Har yanzu bai koma lakwal ba, kuma wasu ranakun ba ya fita. Amma makon jiya, in ji Inna, ya leƙa zaure ya tambayi wani abokinsa nawa da nawa Barcelona ta tashi.