Matar da ta Faɗi Gaskiya ba ta Cancanci Saki ba

 

Tun shekarar 1986 da aka fara bayyana cutar ƙanjamau a Nijeriya, ilimin likita ya ci gaba ƙwarai, amma zukatan wasu magidanta suna nan inda suke. Muna magana ne da 'yan'uwanmu na masarautar Gumel, daga Gumel da Maigatari har Gagarawa da Sule Tankarkar.

Mace ce ke zuwa awon ciki, a can ake gwada jininta, saboda haka sau da yawa ita ce farkon wadda za ta sani a gidan. Idan ta yi taƙawa ta sanar da mijinta, sai wani ya saka mata da zargi, ko duka, ko takardar saki, alhali shi bai taɓa miƙa hannunsa an gwada ba. Riga sani ba ya nufin ita ta kawo. Cutar tana iya shekaru a jiki babu alama, kuma ana ɗaukarta ta ƙarin jini da allura da askar da ba a tsabtace ba. Wanda ya jefi matarsa da alfasha ba da hujja ba, ya duba hukuncin ƙazafi da li'ani a farkon Suratun Nur.

Ɓarnar ba ta tsaya kan mace ɗaya ba. Duk wadda aka kora, maƙwabtanta sun koyi yin shiru. Shirun nan kuwa shi ke kai cutar ga miji da kishiya da jariri. Alhali likitoci sun tabbatar cewa mai shan magani kullum, har ƙwayar ta daina bayyana a gwaji, ba ya sa wa abokin aurensa, kuma maganin yana kare abin da ke ciki.

Don haka muna kira: miji ya je gwaji tare da dukkan matansa, ya rufa asirin iyalinsa. In saɓani ya yi tsanani, a koma ga aya ta 35 ta Suratun Nisa'i, a naɗa mai sulhu daga danginsa da danginta. Limamai kuma su faɗi wannan a kan mumbari. Wadda ta bayyana ciwonta amana ta sauke. Saura miji ya sauke tasa.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya kiyashe mu da zalunci.