Raddi ga mai cewa ɗora Kubernetes a kan kwamfutocin kwaikwayo ɓarna ce

Wani ɗan'uwa cikin masu kula da saba ya yi rubutu yana cewa duk wanda ya kafa gungun Kubernetes a kan kwamfutocin kwaikwayo, irin waɗanda ake yankowa daga inji ɗaya da KVM ko Proxmox, ya ninka wa kansa wahala a banza. A cewarsa kwantena ta riga ta raba manhajoji, to me ya kawo wani rabon a ƙarƙashinta? Ina girmama iliminsa, amma hujjojin nasa ba su tsaya da ƙafafunsu ba.

Ya fara da cewa kwantena da kwamfutar kwaikwayo aiki ɗaya suke yi. Nan ne kuskuren ya fi girma. Duk kwantenonin da ke kan inji ɗaya kanel ɗin Linux guda suke tarayya a kansa, shingen da ya raba su ma a cikin kanel ɗin yake. Kamar ɗakunan haya ne a gida ɗaya: kowa da ƙofarsa da kwaɗonsa, amma harsashi da rufi na kowa ne. Kwamfutar kwaikwayo kuwa tana da kanel nata na kanta. A 2019 an gano ɓaraka a runc, manhajar da Docker da containerd ke tayar da kwantena da ita, wadda ta ba muguwar kwantena damar ficewa ta mallake injin da ke ɗauke da ita. A 2022 sai ga Dirty Pipe a cikin kanel kansa. Wanda ya ɗora gungunsa kai tsaye a kan inji, irin wannan ta same shi, to injin baki ɗaya ya faɗa hannun mahari. Wanda ya raba injin zuwa kwamfutocin kwaikwayo kuwa, akwai katanga ta biyu da sai maharin ya sake haurawa.

Sai hujjarsa ta biyu, batun asarar ƙarfin inji. Akwai gaskiya a ciki, amma gaskiyar ta tsufa. Tun da Intel ta fito da VT-x a 2005, AMD ta biyo baya a 2006, aka shigar da KVM cikin Linux a 2007, yawancin aikin yana gudana kai tsaye a kan furosesa. Google, wadda ta fito da Kubernetes a 2014, a kan kwamfutocin kwaikwayo take ɗora injinan GKE, hidimarta ta Kubernetes. Haka Amazon a EKS, haka Microsoft a AKS.

Hujjarsa ta uku, wai abin yana ƙara ruɗani, ita ce ta fi ba ni mamaki. Rumbun etcd, inda gungu ke ajiye duk bayanansa, ba ya yanke hukunci sai da rinjaye: mambobi uku na jure faɗuwar ɗaya, biyar na jure biyu. Kubeadm kuwa, wanda ake kafa gungu da shi, abin da yake nema ga injin shugabanci shi ne furosesa 2 da ƙwaƙwalwa gigabait 2. Za ka sayi manyan sabobi uku ka bar su kusan a zaune don wannan ɗan aikin? Ga kuma sabuntawa: Kubernetes na fitar da sabuwar siga kusan sau uku a shekara, kuma a sigar 1.24 aka cire dockershim, mahaɗinsa da Docker. Wanda ya ɗauki hoton kwamfutarsa ta kwaikwayo kafin ya taɓa komai, ya gwada a kwafi, ya san darajar komawa baya cikin mintuna.

Inda zan ba shi gaskiya shi ne, da yawa suna kafa abin ba daidai ba. Su jera injinan shugabanci uku a kan saba ɗaya, wuta ta ɗauke, duka ukun su tafi tare. Su kwafi na'ura ba su sauya lambar MAC da product_uuid ba, gungu ya kasa bambance su. Su ɗora etcd a kan faifai mai nauyin gudu. Wannan laifin magini ne, ba na tubali ba.

Don haka ɗan'uwa, ka janye hukuncin nan na gaba ɗaya. Wanda zai kafa gungu kuma, ya watsa injinan shugabancinsa a kan sabobi uku daban, ya ba etcd faifan SSD.