Hakin Mai Jego Ba Gajiya Ba Ce

Mazan Tegidda-n-Tesumt, da ku nake, da duk magidancin da ke tsakanin Ingal da Agadas. Raƙumi ya ƙi kiwo kwana biyu, kun hana ido barci. Duk ƙarshen damina makiyaya na koro dabbobi daga uwa duniya zuwa Ingal don su lashi gishiri su murmure. Amma matar da ke wuni duƙe a bakin ramukan gishiri, rana na dukan ƙeyarta, in ta ce numfashinta na sarƙewa, amsar da take samu ita ce: "Gajiya ce, kwanta ki huta." Wannan sakaci ne, kuma yana kisa.

Akwai ciwon zuciya da ke kama mace a watan haihuwa ko 'yan watanni bayanta: naman zuciya ya saki, ya kasa tura jini, ruwa ya taru a huhu da ƙafafu. Ƙasar Hausa na cikin inda ya fi yawa a duniya. Tun shekarun 1970 likitoci Davidson da Parry suka bi diddiginsa a Zariya, inda aka ƙiyasta yana kama kusan mace 1 cikin masu haihuwa 100. A Yamai, binciken Cénac na 1992 ya gano ƙarancin sinadarin seleniyam a jinin masu fama da shi. A Kano kuwa, aikin Farfesa Kamilu Karaye ya nuna rama, talauci da hawan jinin goyon ciki na cikin abubuwan da ke share masa hanya. Wato yunwar da kuka bar mai ciki da ita ma tana da hannu.

Ku dubi matar nan da idon basira. Ba ta iya kwanciya miƙe, sai ta jingina da bango, jariri a cinya, tana tari har asuba. Zoben da ke yatsarta ya nutse cikin nama. Ka danna ƙaurinta da babban yatsa, rami ya zauna bai ciko ba. Daga ɗaki zuwa madafa sai ta tsaya tana haki. Wace shaida kuke jira kuma?

Iyayenmu mata, ku gafarce ni, kuna da naku laifin. Mai kumburi ba a ɗura mata kunun kanwa. Gishiri da kanwa riƙe ruwa suke a jiki, su ƙara wa zuciyar da ta gaji kaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ko lafiyayye kada ya kai giram 5 na gishiri a rana, abin da bai cika ƙaramin cokali ba. Ku kanku ba ku tsira ba: bugun zuciya a jikin mace sau da yawa yakan zo da tashin zuciya, zufa mai sanyi, ciwon muƙamuƙi ko tsakiyar baya, sai a ce gyambon ciki ne ko iska, a dama rubutu a zauna.

Za ku ce asibiti da nisa, hanya ba kwalta. Gaskiya ne, kuma hukuma na da alhaki a nan. To amma buhunan gishirinku ta wace hanya suke isa kasuwar Ingal? Motar da ta ɗauke su tana da wurin zaman mace ɗaya. Awon jini bai kai minti 5 ba. Maigida, in mai ɗakinka ta kwana zaune tana haki, gari na wayewa ka kai ta gidan likita, in an tura ku Agadas ku wuce, kada ka ce sai ta yi arba'in.