Idon zuci a ɗakin kwankur

Duk shekara iyaye na kashe kuɗin takardu da tambur, su tura ƴaƴansu kwankur ɗin shiga manyan makarantu. Sai ka ga yaro mai bakaloreya ya faɗi a kan ƴan zane-zane. Nufina sashen da ake kira «test psychotechnique»: a zana kwali a buɗe, a ce wane ne zai fito in an naɗe shi, ko a juya wata siffa, a ce a gano ta cikin masu kama da ita. Agogo kuwa ba ya jira. Wanda ya faɗi sai wani zagaye, ga kuma iyakar shekaru na matsowa.

A shekarar 1971, masana biyu a Amurka, Roger Shepard da Jacqueline Metzler, sun nuna cewa gwargwadon yawan juyin da aka yi wa siffa, gwargwadon daɗewar da mutum ke yi kafin ya gane ta. Ke nan mai juya siffa ɗungurungum cikin kansa yana cinye mintocinsa ne. Dabara ita ce ya kama alama guda, tsini ko ɗigo, ya duba abin da ke biye da ita ta inda hannun agogo ke bi. Juyi ba ya sake wannan jeri. Madubi ne ke birkice shi. Ku ɗauki harafin b: in an juya shi rabin zagaye ya zama q, amma ba zai taɓa zama d ba. Wannan d ɗin shi ne tarkon da ake ɗanawa.

Shi kuwa kwali mai fuskoki 6 daidai wa daida, hanyoyin buɗe shi 11 ne kacal. In murabba'i 3 suka jeru a layi ɗaya, na farko da na uku ne za su dubi juna bayan naɗi, ba za su fito tare a zane ba. Duk amsar da ta haɗa su, a soke ta nan take. Tambayar da ta gagara kuma a tsallake ta, a dawo mata daga baya.

Kada wani uba ya ce baiwa ce ɗansa ya rasa. A 2013, David Uttal da abokan aikinsa sun haɗa bincike fiye da 200, suka iske horo na ƙara wannan basira. Tela a kasuwar Maraɗi yana ganin riga cikin yadi tun almakashi bai taɓa shi ba, kuma koya ya yi. A ba yaro kwalin sukari ya warware, ya sa wa fuskokin alamu, ya faɗi inda kowace za ta faɗa, sannan ya naɗe ya gani. Ya fara tun yau, don ba a fafe gora ranar tafiya.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.