Sake Sarrafa Shara: Ina Matsayin 'Yan Bola Jari a Sabon Tsarin Najeriya?

Hukumar kwashe shara ta Jihar Legas, LAWMA, ta daɗe tana ƙiyasta cewa birnin na fitar da kimanin tan 13,000 na shara a kullum. A Abuja da Kano da Fatakwal ma haka lamarin yake: jama'a na ƙaruwa, ledar ruwa da robar lemo na toshe magudanai, kowace damina kuma ambaliya na tona asirin abin da aka zubar.

Gwamnatoci ba su yi shiru ba. A 2020 aka amince da manufar ƙasa kan sharar roba. Legas ta haramta mazubin abinci na soso a Janairun 2024, a watan Yunin shekarar kuma Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta hana amfani da robar da ake yarwa bayan amfani ɗaya a ma'aikatunta. Hukumar NESREA na da tsarin da ya ɗora wa kamfanoni alhakin tattara ragowar kayan da suka sayar. Manufar duka ita ce shara ta koma masana'anta a matsayin kayan aiki maimakon ta ƙare a juji.

Sai dai wannan aiki ya riga dokokin zuwa. 'Yan bola jari da 'yan gwangwan, waɗanda da yawansu matasa ne daga Arewa, su ne ke tsince ƙarfe da goran ruwa da alminiyam, su kai wa dillalai a auna da kilo, daga nan kaya su wuce masana'antun narka ƙarfe da na roba. Ba su da safar hannu, ba su da rajista, farashi kuma dillali ke yankewa.

A Janairun 2025 hukumomin Abuja suka hana su yawo cikin birni, suka rufe kasuwannin Panteka na ɗan lokaci, saboda satar murafun magudanai da wayoyin lantarki. Ƙorafin gaskiya ne. Amma korar masu tsinta ba tare da tantance su da ba su katin shaida ba tana yanke hanyar da kaya ke bi zuwa masana'anta, alhali gidaje ba sa ware roba daga ragowar abinci. Shi kuwa ragowar abincin, wanda ya fi komai yawa a sharar gida, zai iya zama taki ga manoman da tsadar takin zamani ta addaba, da a ce ana ware shi tun daga ƙofar gida.