Rubuta Abin da Ka Tarar Kafin Ka Gyara

Duk wanda ya taɓa sayen masara ko wake a kasuwar Nima ya san olonka, gwangwanin awon nan da ya zama mudun mutanen Akara. Idan an lotsa gindinsa, mai saye zai iya gani da idonsa ya yi magana. Zafi kuwa ba a ganinsa. A masana'antun Tema, inda ake sarrafa koko da tace mai da narkar da alminiyam, ma'aikacin da ke ɗakin kula ba ya iya tsoma hannu cikin tukunya. Lamba kawai yake gani a allo, da ita yake yanke hukunci. Matasan Nima da Maamobi da ke koyon aikin lantarki, a wurin maigida ko a cibiyar koyon sana'a ta Kokomlemle, wata rana su ne za a damƙa wa amanar wannan lamba. Ra'ayina shi ne darasin farko da ya kamata a koya musu shi ne rubuta abin da suka tarar kafin su taɓa komai.

Bari mu fara da yadda abin yake aiki. Akwai tsinken jin zafi da ake cusawa cikin bututu ko tukunya. Wanda aka fi sani shi ne Pt100, mai zaren filatinum, wanda turjiyarsa ga lantarki take om 100 a digiri 0, ta kai kimanin om 138.5 a digiri 100. Na'urar aika ma'aunin zafi takan karanta wannan turjiya, ta mayar da ita lantarki tsakanin miliyamfiya 4 da 20, ta tura ta waya zuwa ɗakin kula. An fara daga 4 ne da hikima: idan waya ta tsinke, lantarkin zai faɗi zuwa sifiri, nan take a gane cewa matsala ce ta auku, ba sanyi ba.

Ayyuka biyu ake yi wa wannan na'ura, kuma sau da yawa akan cakuɗa su. Na farko shi ne saiti. A nan ake gaya mata irin tsinken da aka haɗa mata, da yawan wayoyinsa, biyu ne ko uku ko huɗu, da iyakar awonta. Idan an ce daga digiri 0 zuwa 200, to 4 na nufin 0, 20 na nufin 200, digiri 100 kuma ya ba da 12. Yawancin na'urorin zamani ana saita su da ɗan akwatin hannu mai magana da su ta tsarin HART. Na biyu shi ne tantancewa, wato gwada ta da ma'aunin da ya fi ta inganci. Akan sa tsinken cikin akwatin ɗumama mai tabbataccen zafi, a duba matakai biyar, digiri 0 da 50 da 100 da 150 da 200, a ga ko za ta ba da 4 da 8 da 12 da 16 da 20. Saiti umarni ne ake ba na'ura. Tantancewa kuwa tambayarta ake yi ko gaskiya take faɗa, domin sai an gwada akan san na ƙwarai.

To ina rubutu ya shigo? A ɗauka ma'aikaci ya tarar na'ura tana nuna digiri 72 alhali ainihin zafin 69 ne. Gyaran ba zai ci masa minti goma ba. Amma idan tukunyar ta kashe ƙwayoyin cuta a madara ce, inda ƙa'ida ita ce digiri 72 na daƙiƙa 15, ke nan duk madarar da ta bi ta wurin tun lokacin da kuskuren ya fara ba ta sami zafin da ya kamata ba. Wanda ya gyara shiru ya rubuta sakamakon ƙarshe kaɗai ya share shaidar da za ta sa a binciki kayan da suka riga suka fita. Takardarsa ta yi tsaf, amma jama'a ya bari cikin haɗari. Haka abin yake ga firjin allurar rigakafi, wanda dole ya zauna tsakanin digiri 2 da 8.

Akwai amfani na biyu. Rubutun yau da na baya su ne ke nuna ko na'ura tana zamewa a hankali, da kuma inda laifin yake. Ƙarin om ɗaya tak a wayar tsinke mai waya biyu yana ƙara kusan digiri biyu da rabi a karatu. Mai gaggawa zai murɗa na'urar har lamba ta daidaita, ya bar tsatsar da ke mahaɗin waya tana ci gaba da aikinta.

Na san abin da za a ce. Tsayar da aiki asara ce, mai masana'anta yana jira, kuma yaron da ya rubuta mummunan sakamako yana tsoron a ɗora masa laifi. Wannan tsoro gaskiya ne, maganinsa kuma yana hannun manya. Shugaban da ke hukunta mai kawo labarin kuskure yana koya wa yaransa ɓoyewa, ramin ƙarya kuwa ƙurarre ne. Za a kuma ce kayan gwaji masu tsada ne. Haka ne, amma kwano cike da dakakkiyar ƙanƙara da ruwa mai tsabta yana ba da digiri 0, ya ishi mai koyo fara gwaji. Manyan ma'aunan kuma akan kai su a tantance a wurin masu iko da awo, irin Hukumar Kula da Ingancin Kaya ta Ghana, domin ma'auni ma yana da mai auna shi.

Saboda haka, maigidan da ke da yara a hannunsa ya sa wannan ya zama ƙa'idar shagonsa: shafi biyu a kowace takardar aiki, ɗaya na abin da aka tarar, ɗaya na abin da aka bari, da kwanan wata da sa hannu. Yaron da ya cika na biyu ya bar na farko fanko, a mayar da shi ya sake.