Kafin ka zagi ƙaramin inji, tambayi bakanikenka me ya cire masa

Makon jiya gardama ta ɓarke a gurup ɗinmu na WhatsApp na matasan Bilbis, har wajen ƙarfe ɗaya na dare ba a daina ba. Wani ne ya ɗora hoton Honda Accord ƙirar 2018, ya ce injinta lita 1.5 ne kacal. Nan take aka yi masa ca. Wani ya ce ai wannan injin janareta ne aka saka a jikin babbar mota, wani ya ce shi in ba V6 ba ce, ko kyauta aka ba shi sayarwa zai yi. Abin dariyar shi ne, a cikinmu masu gardamar babu mai ko tayar mota. Mafi yawanmu Boxer ce iyakar arzikinmu, wasu ma ta yayansu ce suke ara.

Amma ban ɗauki maganar wasa ba, don ko ba ka da mota, man da mota ke sha daga aljihunka yake fita. Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Tinubu ya sanar da cire tallafin mai, litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, zuwa Oktoban 2024 kuma ta wuce naira 1,000. Ni da nake zirga-zirga tsakanin gida da Zariya saboda karatu, na san yadda kuɗin mota ya koma. Ga kuma wani abu da mutanen wasu jihohin ba lallai su gane ba. A hanyar Tsafe zuwa Funtuwa, ƙarfin inji ba maganar gayu ba ce. Akwai wuraren da kowa a mota yake yin tsit, bakinsa na motsi da addu'a, ba abin da yake so illa direba ya wuce tirelar da ke gabansa ya bar wurin. Direbanmu yana son motar da za ta amsa in ya taka, yana kuma son ya koma gida da ɗan abin cefane bayan ya biya kuɗin mai. Tambayar ita ce, ana samun biyun a inji ɗaya?

Kawuna, wanda ya daɗe yana jan Golf a wannan hanya, amsarsa ɗaya ce: motar da ba ta sha ba ta ja. Kuma a zamaninsa gaskiya ya faɗa. Ya koyi tuƙi ne a Peugeot 504, irin waɗanda kamfanin PAN ya riƙa haɗawa a Kaduna tun 1975. Waɗannan injinan kafireta ce ke haɗa musu iska da fetur, ita kuwa kafireta awon ƙiyasi take yi, kamar mai zuba gishiri da hannu. Kana son ƙarin ƙarfi? Sai ka ƙara girman inji, ka ƙara silinda, ka ƙara mai. Wannan tunanin ne muka gada, muke ta maimaita shi a Facebook da TikTok, alhali masu ƙera injin sun bar wurin tuntuni.

Ga abin da na fahimta bayan na zauna na bi maganar. Fetur shi kaɗai ba ya ba da ƙarfi, sai ya samu iska ya ƙone. Kowane giram ɗaya na fetur yana buƙatar kimanin giram 14.7 na iska kafin ya ƙone tas. In man ya yi yawa, ragowar ta salansa take fita, wato kuɗinka ne ke bin iska. Injin zamani yana da kwamfuta, wadda kanikawa ke kira biren-bokis, da na'urorin da ke gaya mata yawan iskar da ta shiga, zafin injin, da abin da ya rage a hayaƙin da ya fita. Da wannan take auna man da injekta za ta fesa, sau da yawa a cikin daƙiƙa ɗaya. Sababbin ma kai-tsaye suke fesa man cikin silinda da matsi mai ƙarfi, ya tarwatse kamar hazo. Feshin yana sanyaya cikin silindar, shi ya sa fistin ke iya matse haɗin sosai ba tare da injin ya fara ƙwanƙwasa ba. Iya matsewa, iya ƙarfin da ake tatsa daga ɗigon mai ɗaya.

Sai maganar numfashi. Rubutun nan VVT-i da kuke gani a kan murfin injin Corolla, ko VTEC na Honda da ya fito tun 1989, ba ado ba ne. A tsohon inji lokacin buɗewa da rufewar bawul ɗaya ne, ko kana tafiyar hawainiya a cikin kasuwar Tsafe ko kana gudu a babban titi. Wannan tsarin kuwa yana canza lokacin gwargwadon buƙata. In kana lallaɓawa injin ya yi numfashin mai barci, in ka taka ya buɗe ƙirji.

Turbo kuma, wanda shi ne ya jawo gardamar gurup ɗinmu, dabararsa ta fi burge ni. Hayaƙin da ke fita daga inji yana ɗauke da ƙarfi, da can a banza yake tafiya. Sai aka sa masa wata 'yar farfela a hanya, yana juya ta, ita kuma tana juya wata da ke cusa ƙarin iska cikin injin. Juyin yakan wuce sau 100,000 a minti ɗaya. Kamar zugazugin maƙeri ne, sai dai wutar ce da kanta ke zuga kanta. Ƙaramin inji sai ya shaƙi iskar babba a lokacin da ake buƙata, sauran lokaci kuma ya ci abincinsa na ƙarami. A 2012 kamfanin Ford ya fito da EcoBoost mai lita 1.0 da silinda uku, yana ba da ƙarfin doki 125. Golf 3 mai lita 1.8, irin ta kawuna, doki 90 take bayarwa. Accord ɗin da aka yi wa dariya a gurup, mai lita 1.5, doki 192 gare ta. Injin janareta, in ji abokina!

In kuna son kwatancen da ba turbo a ciki, ku ɗauki Camry. Wadda aka yi tsakanin 1997 da 2001 mai lita 2.2, da har yanzu ta cika titunan Gusau, ƙarfinta doki 130 da 'yan kai ne, kuma a gwajin hukumar kare muhalli ta Amurka tana yin kusan kilomita 10 da lita ɗaya. Ta 2018 mai lita 2.5 doki 203 take bayarwa, tana kuma yin tsakanin kilomita 13 da 14 da lita. Toyota ta ce wannan injin yana mayar da kashi 40 cikin 100 na ƙarfin fetur zuwa motsi, alhali tsofaffin injina da ƙyar suke kai kashi 30, sauran duk zafi ne da hayaƙi. Ku yi lissafi da kanku: a kowane kilomita 100 bambancin ya kai lita biyu da rabi. Ga mai zuwa Funtuwa ya dawo kullum, wannan ba ƙaramin kuɗi ba ne a wata.

To in haka ne, me ya sa motocin da ke da wannan fasahar suke shan mai kamar raƙumi da zarar sun kwana biyu a hannunmu? Nan ne nake da magana, kuma na san wasu kanikawa za su ji haushina.

Wani ɗan uwana ya sayi Corolla 'yar Kwatano, lafiyarta ƙalau. Sati na farko ya kai ta gareji a duba masa, bakaniken ya cire tamostat ya jefar, ya ce wannan na ƙasar sanyi ne, mu nan zafi gare mu. Ya haɗa fankar lagireto kai-tsaye, da an kunna mota tana juyawa. Bayan wata biyu wani ya lallashe shi ya sayar da abin nan na cikin salansa da ake kira indomi, wai yana toshe wa mota numfashi, alhali masu saye ƙarafa masu tsada da ke cikinsa suke nema. Wutar gargaɗi ta kama a gaban sitiyari, aka ce ya rabu da ita, duk motar Najeriya haka take. Yau yana zagin Toyota.

An ƙera injin ne ya yi aiki a zafin da ya kai wajen digiri 90. Aikin tamostat shi ne ya kai shi can da wuri ya riƙe shi a can. In ka cire, ruwa na zagayawa ba tsayawa, injin ya daɗe bai yi ɗumi ba, musamman da asuba ko lokacin hunturu. Kwamfuta kuma ba ta san bakanike ya yi aikinsa ba. Abin da take gani shi ne inji na jin sanyi, sai ta ƙara masa mai. Haka na'urar da ke shinshinar hayaƙi, in ta mutu ko an tsinke wayarta, kwamfutar ta makance, sai ta koma zuba mai bisa ƙiyasi, kuma ƙiyasinta ya fi karkata ga yawa don kare injin. Ka sayi motar zamani da kuɗin zamani, ka biya wani ya mayar maka da ita 504.

Ba na ɗora wa kanikawanmu laifin duka. Yawancinsu a kan kafireta suka koyi aiki, da kunne da ƙwarewar hannu, kuma sun riƙe motocin ƙasar nan shekara da shekaru da kayan aikin da ba su taka kara sun karya ba. Ba wanda ya koya musu karanta kwamfutar mota. Abin da ke ba ni mamaki mu ne. Akwai 'yar na'urar da ake soka wa mota a ƙarƙashin sitiyari, ta haɗu da wayar hannu, ta faɗa maka abin da ke damun injin. Mu da muke kwana a kan waya, muna iya gyara bidiyo da sauya murya, mu ya kamata mu shiga garejin nan mu tsaya kusa da ogan da ya san ƙarfe, shi da hannu mu da karatun na'ura. Sana'a ce zaune a Gusau da Tsafe da Bungudu, ba ta jiran takardar ɗaukar aiki daga kowa.

Sai dai kada 'yan V6 na gurup su ce na yi son kai, akwai inda suke da gaskiya. Tsimin ƙaramin inji mai turbo yana nan ne muddin ƙafarka na da hankali. Da zarar ka nitsa totur, turbo ya cusa iska, dole mai ya biyo ta, har kwamfuta kan ƙara don sanyaya injin. Iskar da mota ke kutsawa ma ba a hankali take ƙaruwa ba: in ka ninka gudu, turjiyarta sau huɗu take ninkuwa. Direban da tsoro ya sa shi gudun 140 daga Tsafe har Yankara, ba fasahar da za ta cece shi daga gidan mai. Wato rashin tsaro ma yana da nasa harajin a kan kowace lita, ba a dai rubuta shi a rasit.

Na biyu, waɗannan injinan ba su da haƙurin tsofaffi. Turbo yana son baƙin mai mai kyau, irin wanda kamfani ya rubuta, a kuma canza shi a kan lokaci. Wanda ake aunawa a gorar ruwa a bakin titi zai kashe shi. Injekta mai fesawa kai-tsaye ba ta jure datti, mu kuwa a ƙauyuka sau da yawa wajen 'yan bumburutu muke sha, daga jarkar da Allah kaɗai ya san me ta ɗauka jiya. Ko gidan mai ma ba a rantse masa ba. Kun tuna Fabrairun 2022, lokacin da aka shigo da fetur mai yawan sinadarin metanol daga Beljiyam, NNPC da kanta ta amsa, motoci suka riƙa mutuwa a Legas da Abuja? Golf ɗin kawuna za ta yi tari ta wuce. Sabuwar mai turbo tana iya kwanciya, kuma kayan gyaranta sai an aika Kano ko Legas.

Don haka in ɗan uwa ya tambaye ni yau wace zai saya don wannan hanya tamu, ba zan ce ya ɗauko V6 don a ji ƙararsa a unguwa ba, ba kuma zan tura shi ga ƙaramin turbo ba tukuna, sai ranar da muka samu masu gyaransa da man da za a amince da shi. Zan ce ya nemi mai silinda huɗu, marar turbo, mai VVT-i ko makamancinsa, ya bar mata tamostat ɗinta da indominta, ya sayi baƙin mai na gaske ko da zai rage kuɗin data.

Da na je hutu na yi wa kawuna wannan bayanin muna zaune a tasha ana jiran lodi ya cika. Ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya ce, "To ɗan boko, ita tawa tamostat ɗin tun kana firamare aka cire ta."

Na ce, "Kawu, a mayar mana a gani."

Ya ce zai mayar, amma ni zan biya, in kuma mota ta yi zafi a hanya ni zan sauka in tura. Mun shirya sai ranar Juma'a in an sauko daga masallaci, kuma na ce ya fara rubuta litar da yake sha daga yau don mu samu abin kwatantawa.